Wasiƙa zuwa ga Bashir: a karanta ko a tambaya?

Assalamu alaikum Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Na sha dariya da na zo wurin da ka ce ka kai kukanka a kan Linux, manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, wani gwani ya sallame ka da layi ɗaya: je ka karanta jagora. Ka ce girman kai ne kawai. Wataƙila. Amma ji nawa labarin kafin ka yanke masa hukunci.

Kwanakin baya ina kwashe hotunan yara daga kwamfuta zuwa faifan ajiya da rsync, wata manhajar kwafar fayiloli. Ina dubawa sai na tarar da folda cikin folda, komai ya zama biyu, faifan ya kusa cika. Na buga man rsync, umarnin da ke buɗe jagorarta, na ga rubutu ba iyaka, na rufe. Sai na tambayi wani da ya fi ni sanin abin. Shi ma amsarsa gajeruwa ce, amma ta sha bamban da wadda aka ba ka: ya ce in duba abin da jagorar ta faɗa a kan karkatacciyar sandar nan, wato /, a ƙarshen sunan folda. Ashe maganar tana can kusa da farko. In ka sa sandar, abin da ke cikin foldar za a kwashe. In ba ka sa ba, ita kanta foldar za a ɗauka ɗungurungum. Alama ɗaya tak, ta cinye min yamma guda.

Tunda na riga na shiga, sai na ci gaba da karatu, har na ci karo da -n, wanda in ka haɗa shi da -v zai jero maka abin da umarnin zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. A daren nan kuwa ina shirin ƙara --delete, mai goge duk abin da ke faifan da babu shi a inda ake kwafowa, don in share abin da ya yi yawa. Na gwada da -n tukuna. Sai ga takardun aikina a jerin abin da za a goge, domin suna faifan ne kaɗai, babu su a ɓangaren da nake kwafowa. Gabana ya faɗi. Wannan babu mai gaya min shi, don ban ma san akwai abin tambaya a wurin ba.

Duk da haka ban ɗora maka laifi ba. Irin waɗannan jagororin tun 1971 aka fara su, lokacin da Dennis Ritchie da Ken Thompson suka rubuta ta Unix, manhajar da Linux ya yi koyi da ita, a cibiyar bincike ta Bell Labs, kuma salonsu na tunatar da wanda ya riga ya san hanya ne. Sai ka san sunan ciwonka kafin su yi maka amfani, baƙo kuwa sunan ne ba shi da shi. Shi ya sa nake ganin gwanin naka ya rage maka mudu: da ya ƙara kalma ɗaya da za ka nema, da ya gama taimakonka. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai in wanda aka tambaya ya nuna da yatsa.

Su ma gwanayen dai a yi musu uzuri. Yawancinsu ba biyansu ake yi ba, kuma in mutum ya ce "ba ya aiki" ya yi shiru, me za a ce masa? Ni yanzu kafin in tambaya, nakan yi man -k da kalmar da nake zato, ya jero min jagororin da suka shafe ta, in kuma buɗe jagorar in danna / in nemi kalmar a ciki. In abin ya gagara, sai in faɗi sigar manhajar, da umarnin da na buga harafi da harafi, da saƙon kuskuren yadda ya fito, da wurin da na karanta ban gane ba. Sau da yawa ina cikin haɗa wannan bayanin nake gano amsar da kaina, in goge tambayar a kunyace.

Ka turo min umarnin da ka buga da abin da allon ya ce maka, kada ka taƙaita. Ka gaida mutanen gida.

Abokinka,
Nura