Wasiƙa zuwa ga Abba, sabon malami a Gwagwalada

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai sanyi da ya sauko da wuri bana, har ƙafar innarka ta fara tashi. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san halinka a waya. "To Baba, to Baba," ka ajiye, magana ta bi iska.

Kawunka ya dawo daga Abuja ran Laraba. Bai so in ji ba, innarka ya gaya wa a madafa, ni kuma ina alwala a tsakar gida. Wai ka mari wani yaro ɗan aji huɗu, har uwarsa ta zo ofishin hedimasta mayafi a hannu, da kyar aka ba ta haƙuri. Wata biyu kacal da kama aiki, Abba. Tun daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na san abin da za ka ce. Aji ya cika, yara sun haura saba'in, huɗu a benci, wasu a ƙasa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kai kuma an ɗora maka ninki. Ga Bagware, ga Inyamuri, ga Bayarabe, ga Tibi, ga namu, kowa da harshen da yake surutu da shi. Duk na yarda. Amma kada ka kawo mini wannan uzurin. A 1976 na fara riƙe alli, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kwararo mana yara ba kujera ba littafi, wasu ajujuwan a gindin mangwaro. Ko takardar malanta ta Giredi Tu ban samu ba sai daga baya a kwalejin horar da malamai ta Toro. Kai kuwa shekara uku ka yi a kwalejin ilimi ta Pankshin, ga takardar malanta ta NCE, ga rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Da me aka fi ka?

Shekara 35 na yi a aji, kuma abin da na gani shi ne yawancin surutu malami ne ke kawo shi da kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ka shigo ba ka shirya darasi ba, kana buɗe littafi kana neman shafi, yara sun gane kafin ka ce uffan. Ka rubuta lesin not ɗinka da dare, don kanka, ba don sa hannun hedimasta ba. Ka riga su shiga aji bayan asambuli, su tarar da kai a bakin ƙofa da aiki a allo, kowa ya zauna ya ciro biro. Minti biyar ɗin farko ke yanke yadda sauran darasin zai kasance. Haka ma in sun dawo daga tara, jiki duk ƙura, baki duk mai. Kada ka juya musu ƙeya ka cika allo da rubutu. Rubuta kaɗan, juyo, yi tambaya. Kada ka kafe a gaban aji kamar turke. Ka zaga har bencin baya. Yaron da ke wasa, in ka je ka tsaya kusa da shi kana ci gaba da bayani, ka ɗora yatsa a kan littafinsa, zai nutsu ba tare da kowa ya sani ba.

Sannan sunaye. Ka ɗauki rajista ka haddace su, ko sati uku zai ɗauke ka. "Kai, mai jar riga" ba ya tsayar da kowa. Amma ka kira yaro da sunansa, a hankali, ka ga yadda zai ɗago. In aji ya kaure, kada ka yi gasar murya da yara saba'in, za su cinye ka. Ka yi shiru ka tsaya, ka zuba musu ido. Dokokinka su zama uku ko huɗu, waɗanda za ka iya tsayawa a kansu kullum, ga ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro. Batun ba monita takarda ya rubuta sunayen masu surutu kuwa, na yi shi shekaru, gaba kawai yake haifarwa da cin hancin gyaɗa.

Duk wannan za ka koya ko ban faɗa ba. Hannunka ne ke hana ni barci. Na san zuciyarka, don tawa ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙofar ɗakin yayanka har yau ga tabonta, kuma ba sai na tuna maka ranar sunan 'yar goggonka ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Tun kafin a haife ka, ina riƙe da aji biyar, wata safiya cikin hunturu irin na Jos ɗin nan da yatsu ke ƙin kama alli. Na fito gida da ɓacin rai, albashi ya yi wata biyu bai zo ba. Ina rubutu na ji ƙus-ƙus a baya. Na gargaɗi yaron sau ɗaya, ya sake. Na taka na same shi na ɗauke shi da mari a kunnen hagu. Bai yi kuka ba, ya dafe wurin ya sunkuyar da kai. Sai daga baya na ji ashe karanta wa na kusa da shi abin da ke allo yake yi, don wancan idonsa ba ya hangen nesa. Kwana uku kunnen ya fara ruwa. Ubansa bai zo ba. A lokacin uba cewa yake yi, nama naka ƙashi nawa, kuma mu ma haka aka yi mana, ba wanda ya ce mana laifi ne. Ƙarshen zango yaron bai dawo ba.

Yana nan da ransa. Tumatir yake sayarwa a kasuwar Farin Gada, ya yi furfura, yana da jikoki. In na je cefane sai ya taso da sauri ya rusuna, "Malam, barka da zuwa," ya ƙi karɓar kuɗina. In na yi magana sai ya juyo mini da kunnen dama. Shekara arba'in ke nan ina ganin wannan juyawar, Abba. Na nemi gafararsa, ya ce shi bai riƙe komai ba, amma kunnen bai dawo ba.

Shi ya sa da na ji wai "mari ɗaya ne kawai" ka ce wa kawunka, raina ya ɓaci ƙwarai. Kawai? Wa ya ba ka kunnen ɗan mutane? Kai da na yi ta kai zuciya nesa a kanka, ko tsintsiya ban taɓa ɗaga maka ba bayan abin nan, har innarka na cewa na sangarta ka. Ashe haƙurin da na yi da kai, ba za ka iya yi da ɗan shekara tara ba? Kuma ka sani zamani ya juya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Abuja, ta haramta cutar da yaro a jikinsa ko wulaƙanta shi. TRCN ɗin da ta ba ka lasisi tana iya soke sunanka. Waya tana hannun kowa, kafin azahar hotonka ya zaga Facebook. Amma ko babu doka babu waya, akwai Wanda zai tambaye ka.

Ban ce ka bar yara su hau kanka ba. A hana shi fita tara na ɗan lokaci, a canja masa benci, a sa shi ya gyara abin da ya ɓata, a kira iyaye tun abu bai girma ba. In ka ji zuciya ta taso, ka sa hannuwanka a baya ka riƙe ɗaya da ɗaya, ka yi a'uziyya, ka ce masa "ka same ni bayan an tashi." Kafin lokacin ka huce, ka tambaye shi dalili. Sau da yawa yunwa ce, ko talla ya yi har dare, ko bai iya karatu ba yana ɓoye kunyarsa da tsiwa.

Ka je gidan yaron nan da ƙafarka, ka gaida uwarsa da ubansa, ka tambayi kunnen. In akwai ciwo ka kai shi asibiti da kuɗinka. In babu a hannunka ka gaya mini, fansho ya shigo. Na san kana da tausayi. Na ga yadda ka zauna da auta kan jadawalin sau har ta iya, ba tsawa ba hantara. Wancan malamin nake so yaran Gwagwalada su samu.

Innarka ta ba direban da ka sani rabin buhun dankali da yajin daddawa, ka tare shi a Zuba ran Asabar. Ta ce ka daina kwana da fanka. Ka kira ni bayan sallar Juma'a ka gaya mini yadda kuka yi da iyayen yaron.

Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka.

Mahaifinka.