Me ya sa har yanzu muke Lutheran duk da rigingimun gida?

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Dan Allah Malam Edita ka ɗan sammin fili, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Duk lokacin da jaridu suka kawo labarin rikici a wani coci, wanda ya ɓalle shi ake ji, shi ake ɗauka a hoto, shi ake tambaya dalili. Waɗanda suka zauna kuwa, alhali su ne suka fi yawa, ba mai tambayarsu komai, sai a ɗauka ko tsoro ne ya riƙe su ko kuma ba su san abinda ke faruwa ba. To ni ɗan Lutheran ne, na ikkilisiyar da ake kira LCCN, wato cocin Lutheran na Kristi a Najeriya, mai hedkwata a Numan jihar Adamawa, kuma ina so in faɗi namu dalilin.

Ga masu karatu da ba su san mu ba, wannan ikkilisiya ta fara ne a 1913 lokacin da wani likita ɗan ƙasar Denmark, Dakta Niels Bronnum, ya iso Numan cikin Bachama. A 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko su biyar, a 1973 Akila Todi ya zama bishop na farko, bayansa David Windibiziri ya karɓa a 1987. A zamaninsa ne, tsakiyar shekarun 1990, aka kawo tsarin raba ikkilisiya zuwa dayosis dayosis, wato yanki yanki, kowace da bishop nata sannan akbishop a sama, kuma nan ne aka samu ɓaraka. Wasu suka ce atafau ba su yarda da wannan tsari ba, aka koma ana cewa 'yan dayosis da waɗanda ba na dayosis ba, magana har gaban kotu. Wanda bai gani da idonsa ba bazai gane zafin abin ba, domin akwai garin da majami'a ɗaya ta zama biyu, wa yana nan ƙani yana can, in za a yi aure sai an zauna an yi ta lissafin wane fasto ne zai ɗaura wane ne zai yi fushi, ko jana'iza ma ba ta tsira ba.

Amma fa ka lura da wani abu, Malam Edita. Su kansu waɗanda suka ƙi tsarin dayosis ɗin ba su ce sun daina zama Lutheran ba. Ba su koma Katolika ba, ba su koma Baptis ba, katekisim ɗaya, wato littafin koyarwar addini, muke karantawa, waƙoƙi ɗaya, tarihin Bronnum ɗaya, kowane ɓangare cewa yake shi ne ya riƙe gadon iyaye yadda ya kamata. 'Yan'uwanmu Musulmi ma ai sun san irin wannan, lokacin da Izala ta rabu ɓangaren Jos da na Kaduna ba wanda ya ce ya bar Izala.

Babban abinda ya riƙe yawancinmu, ko mun iya bayyana shi da baki ko ba mu iya ba, koyarwa ce. Tun muna ajin baftisma aka nuna mana cewa ikkilisiya ba ta tsaya a kan kirkin shugabanninta ba. A cikin shaidar bangaskiya da aka gabatar a birnin Augsburg na Jamus a 1530, wadda duk Lutheran na duniya ke riƙe da ita, sashe na 7 ya ce ikkilisiya ita ce taron masu bi inda ake wa'azin bishara tsantsa kuma ake ba da baftisma da jibin Ubangiji daidai, ya ƙara da cewa ba dole ba ne al'adu da tsare tsaren da mutane suka ƙirƙira su zama iri ɗaya ko'ina. Sashe na 8 ma ya fi kai tsaye, ya ce a cikin ikkilisiya akwai munafukai da mugaye gauraye da na kirki, kuma ko mugun mutum ne ya miƙa maka jibi, jibin nan yana nan da ikonsa tunda ba nasa bane na Kristi ne. To in haka ne, dayosis ko babu dayosis ai tsari ne na mutane, ana iya gardama a kansa har a ɓata, amma ba shi ne ya cece ni ba kuma ba shi zai kore ni ba. Idan fasto ko bishop ya ba ni kunya, to dama ba a taɓa yi min alkawarin cewa mala'ika ne ba, mu ai koyarwarmu ita ce mai bi baratacce ne, wato wanda Allah ya wanke, kuma mai zunubi ne lokaci ɗaya, daga akbishop har mai shara.

Nasan wani zai ce haba, ai shi Martin Luther ɗin da kuke ɗauke da sunansa shi ne uban masu ɓallewa. Gaskiyar tarihi dai ba haka take ba. A 1517 gyara ya nema daga cikin gida, ya rubuta, ya yi muhawara, ya ƙi janye maganarsa, sai Paparoma ya kore shi a 1521. Bai tattara kayansa ya fita da kansa ba. Saboda haka in ɗan Lutheran ya tsaya a taron majalisa yana ɗaga murya yana cewa wannan ba daidai bane, sannan ran Lahadi ka gan shi a bencinsa da baikonsa a hannu, ba munafunci yake ba, gadon gidansu ne.

Sai kuma abinda 'yan boko ba su cika so a faɗa ba saboda wai bai yi kama da tauhidi ba, wato mutane. Ka je ka tambayi wata mama a zumuntar mata me ya sa ba ta koma ɗaya daga cikin sabbin coci coci da suka cika Jimeta ba, ba zata kawo maka sashe na 7 ba. Zata ce maka ranar da mijinta ya rasu su waye suka kwana uku a gidanta suna girki, su waye suka haɗa kuɗin makarantar ɗanta, a wace majami'a aka yi mata baftisma aka ɗaura mata aure, a ina aka binne uwarta. Ginin nan da ake rigima a kansa ita da ƙawayenta ne suka ɗebo yashi da ruwa a ka lokacin da ake yin sa, yanzu don manya sun saɓa a kan kujera sai a ce ta bar musu? Ta bar wa wa? Sannan ga harshe, a wurinmu mutum zai yi sujada da Hausa, 'yan kwaya su tashi da Bachama, wasu da Longuda ko Kilba ko Chamba ko Mbula, da ganga da rawa irin ta gida, wannan ba abu bane da zaka samu a inda ake wa'azi da Turanci ana fassara maka rabi rabi. Harshe da haƙori ma ai suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana.

Wahala ma ta koya mana hankali. A ƙarshen 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, suka zarce Hong da Gombi, jama'a suka kwararo Yola da ƙafa, ba wanda ya tsaya tambayar ɗan gudun hijira ko shi ɗan dayosis ne kafin a ba shi tabarma, kuma masu ƙona majami'u su ma ba su tambaya ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka babbar ɗarikar Lutheran ta can, ELCA, ta yi taro a birnin Minneapolis a watan Agusta 2009 ta amince a naɗa fastoci masu zaman jinsi ɗaya, abin ya girgiza su sosai, ɗaruruwan majami'u suka fita, wasu suka kafa sabuwar ɗarika mai suna NALC a 2010. Fitar ma ba wai fasto ya tashi da safe ya sauya allo ba ne, sai jama'ar majami'a sun kaɗa ƙuri'a har sau biyu kuma kowane karo a samu kashi biyu cikin uku. Duk da haka mafi yawan majami'unsu suka zauna, cikinsu har da waɗanda sam ba su yarda da hukuncin ba, suna cewa in duk masu ra'ayinmu suka fice wa zai rage ya yi magana a ciki. A Habasha kuwa ikkilisiyar Mekane Yesus, wadda tana cikin mafi girma a duniyar Lutheran, ta yanke hulɗa da ELCA da cocin Sweden a 2013 a kan wannan batu, amma ba ta fita daga Tarayyar Lutheran ta Duniya ba. Mu ma a nan ra'ayinmu a kan maganar ba ɓoyayye bane, ni dai ban yarda da abinda suka yi ba, amma ba mu bar kujerarmu ba, kuma da mun yi zuciya mun fita da Akbishop Musa Panti Filibus bai zama shugaban tarayyar ba a 2017 a birnin Windhoek na Namibiya, ɗan Adamawa yana jagorantar Lutheran na duniya har zuwa 2023.

Kar a ce na wanke kowa. Akwai masu zama don albashi, akwai masu zama don dangi kar su zage su, akwai wanda in ka tambaye shi me Lutheran ke koyarwa sai ya sosa ƙeya, kawai an haife shi a ciki ne shikenan. Kuma akwai waɗanda suka tafi da dalili mai ƙarfi, an zalunce su ko an wulaƙanta su ba wanda ya bi sawunsu, ni bazan jefe su ba. Abinda ya fi damuna shi ne shugabanni su ɗauki haƙurin jama'a kamar lasin, su ce ai komai muka yi ba inda za su je. Iyayenmu kam ba inda za su je, amma yaran yanzu fa? Yaron da ya tashi a Abuja ko Legas bai ɗebi yashin ginin kowa ba, Bachamancin ma da ƙyar yake ji, in abinda yake gani a waya kullum shi ne dattawa suna zagin juna da takardun kotu to ranar da zai tafi ko sallama bazai yi ba. Shi ya sa nake ganin a koma a riƙe katekisim da gaske, ƙaramin nan da Luther ya rubuta a 1529, musamman bayanin doka ta takwas cikin Dokoki Goma inda aka ce kar mu ɓata sunan maƙwabci, mu kare shi, mu fassara abinda ya yi ta hanya mafi kyau. Mun haddace shi muna yara amma da rikici ya zo shi muka fara mantawa, ciki har da masu rubutu a Facebook da sunan kare ikkilisiya. A kuma riƙa karanta wa jama'a lissafin kuɗi a fili, don yawancin rigimar da ake sa wa rigar koyarwa in ka bi ta a hankali kujera ce ko kuɗi ko ƙabila.

Roƙona gare ka Malam Edita, in lokacin babban taron shekara shekara da muke yi a Demsa ya zo, ka turo wakilinka. Kar ya tsaya a rumfar manyan baƙi wajen gwamna da bishop bishop, ya zaga baya inda mata ke hura wuta da inda 'yan ƙauye suka shimfiɗa tabarmi, ya tambaye su da bakinsu me ya hana su tafiya, ya buga abinda suka ce ko da bai yi daidai da nawa ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka mai karatu kullum,
wani ɗan ikkilisiya daga Jimeta, Yola.