Ina Masu Tsofaffin Littattafan Zariya?

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Ni dai tun muna lakwal nan Maradi nake tara littattafan nan na aljannu da tsafi da yaƙi masu bangon takarda, bugun Zariya, waɗanda 'yan kasuwa ke shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Na farko da na mallaka Ruwan Bagaja ne na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1934, kawuna ya sayo min shi a babbar kasuwa, har yanzu yana nan, bangon ya yage na liƙe shi da ƙaro, takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi, kuma a shafi na farko akwai sunana da rubutun yarinta duk a karkace. Daga baya na haɗa Magana Jari Ce duka ukun, sai Ganɗoki na Bello Kagara.

Abin da ya sa na rubuto, bara da damina gara ta shiga akwatina ta cinye min Magana Jari Ce na biyun, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Yara sun ce ai akwai shi a waya, to amma waya ba ta da ƙamshin nan na tsohuwar takarda, ga zanen akun ma ba ya fita sosai.

Duk mai tsohon bugu a Kano ko Katsina ko Damagaram, ko ya yage ina so, zan biya ko mu yi musanya.

Naku,
mai karatu daga Maradi