Kafin a sayi wuƙar aljihu, a duba ƙota da makulli

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin jama'a kan 'yar wuƙar nan mai naɗewa da ta cika teburan 'yan koli a Babbar Kasuwar Sakkwato. Mai saye kan buɗe ta, ya gwada kaifinta a farce, ya biya. Alhali kaifi ya fi komai sauƙin gyara, dutsen washi da ruwa sun wadatar. Ƙota da makulli su ne ke jawo yankan yatsa, kuma in sun zo da aibi ba su gyaruwa.

Faɗin tafin hannun babban mutum yakan kai santimita 8 zuwa 9. Ƙotar da ba ta kai santimita 10 ba sai ta bar ƙaramin yatsa yana lilo, ga shi kuwa shi da na kusa da shi ne ke ƙarfafa riƙo. Dole mutum ya matse fiye da kima, kafin ya gama feraye rake ɗaya hannu ya gaji. A shafa gefunan ƙotar, in suna da kaifi bororo za su yi. Ana son ɗan lotsawa guda kusa da gindin ruwan wuƙar, inda manuniya za ta zauna, don kada hannu mai kitse ya zame zuwa kan kaifi. Masu gurbin yatsu huɗu kuwa ado ne kawai, hannu ɗaya aka auna. Ƙotar ƙarfe mai sheƙi tana santsi da gumi, ta katako kuma takan kumbura da damina har buɗewa ta gagara.

Makulli, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙa a buɗe, iri-iri ne. Akwai wuƙar da sifirin kaɗai ke riƙe ta, irin 'yan jajayen wuƙaƙen kamfanin Victorinox. Ta isa ɓare goro ko yanke igiya, amma kada a soki abu da ita, za ta rufe kan yatsu. Wuƙar Opinel ta Faransa zobe ake murzawa a kulle ta, tun 1955. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai siririn fallen ƙarfe a cikin ƙota, da ke faɗawa bayan gindin ruwan. A leƙa a gani: ya kamata ya kama kamar sulusi zuwa rabin gindin. In bakinsa kawai ya taɓa, a ajiye ta. Bahago ma ya sani, yawancinsu don hannun dama aka ƙera su.

Gwajin bai ɗaukar minti ɗaya. A buɗe, a janye yatsu daga hanyar kaifi, a danna bayan ruwan a jikin katako. Sai a girgiza shi hagu da dama, in yana rawa ƙusar da ta haɗa shi da ƙota ta saki. A rufe a shafa, tsinin ya nutse cikin ƙota gaba ɗaya, in ba haka ba aljihun kaftani zai fara shaida.

Ƙurar hunturu na shiga wurin ƙusa. Ɗigo ɗaya na man keke ya isa, in ya yi yawa sai ya haɗu da ƙura ya zama laka. Bayan yankan nama a wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushi, a shanya ta a buɗe.

Batun layya kuma, ruwa mai santimita 7 ko 8 ba na yanka rago ba ne. A je Maƙera Assada a nemo babbar wuƙa mai kube.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato