Ba Duk Katin Wi-Fi Da Ya Ɓace Ne Ya Ƙone Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin 'yan uwa mazauna Legas kan wata asara da nake gani ana yi ba gaira ba dalili.

Gyaran kwamfuta nake yi a wani ɗan shago a Agege. Satin da ya wuce wani dattijo maƙwabcina, mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba, ya shigo da laftop tokumbo da ya saya wa 'yarsa don shirin JAMB. An yi mata fomat an sa sabon Windows, sai alamar Wi-Fi ta yi ɓatan dabo. Wani mai gyara ya ce masa kati ya ƙone, a kawo Naira 15,000. Ya ce da ni, "Yaro, duba min, ni ban yarda ba." Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa tukuna."

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kwamfuta kan ga kati sarai amma ta kasa magana da shi. Tana tashi sai ta bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗi lambarsa. Da lambar nan Windows ke neman 'yar manhajar da muke kira direba, wadda ita ce tafinta tsakaninsu. Fomat kuwa goge direban yake yi. In sabon Windows bai zo da wanda ya dace ba, kati na nan lafiyarsa ƙalau, bebe ne kawai.

Na buɗe Device Manager, wato inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, sai ga katin a ƙarƙashin Other devices, an rubuta Network Controller, da alamar motsin rai ruwan ɗorawa a jikinsa. Ni da na ga wannan alamar har daɗi nake ji, don mataccen kati galibi ko sunansa ba ya fitowa. Na shiga Properties, na danna Details, na zaɓi Hardware Ids, sai wani layi mai ɗauke da VEN da DEV ya fito. Lambobi huɗun da ke bayan VEN su ne kamfanin: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Na bayan DEV kuma samfurin katin. Na Baba 10EC ya nuna.

Sai kuma inda gizo ke saƙar: direba a intanet yake, intanet ɗin kuma sai da direba. Na jona wayata da igiyar caji, na kunna USB tethering don kwamfutar ta ari intanet ɗin wayar, Windows Update ya jawo direban da kansa. Kafin a kira La'asar sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun yi layi a allo. Baba ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan?"

Ban ce kati ba ya mutuwa ba. In ba a ga komai ba a Device Manager, a duba ko an kashe shi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko ta maɓallin Fn, ko ɗan makunnin da tsofaffin laftop ke da shi a gefe. Wani lokacin katin sassautawa ya yi, ko danshin garin nan ya sa bakinsa tsatsa. A cire, a goge, a mayar, a tabbatar wayoyin eriya biyun nan sun zauna. Ni nakan tada kwamfutar da Linux, wani madadin Windows, daga filashi in buga lspci, umarnin da ke jero kayan cikinta. In nan ma shiru, to sai a yi maganar sabo, kuma ko a nan ƙaramin adafta na USB da ake samu a Computer Village ta Ikeja yakan fitar da mutum kunya.

Roƙona ga 'yan uwa, kafin ku biya kuɗin sabon kati, ku ce mai gyara ya buɗe Device Manager a gabanku. In kuma an canza, ku karɓi tsohon ku tafi da shi gida.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Agege, Legas.