Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Yadda Za Mu Yi Lodin Kwantena a Kakar Bana

Assalamu alaikum, Alhazai da iyayen gidanmu. Ya kasuwa?

Tun da riɗi ya fara shigowa sitonmu na Maigatari, wasunku ke tambaya me ya hana mu daina lodin 'yan dako mu koma ɗora kaya a kan gadon katako, wanda ake kira falet. Gara mu amsa wa kowa lokaci guda.

Maganar ta lissafi ce. Kwantena mai ƙafa 20, idan yaranmu suka jera buhu a ƙasa, suna sarƙa shi kamar ginin bulo, tana cin buhu 380 masu kilo 50, wato tan 19. Falet kuwa guda 10 kawai ke shiga, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1.2. Ku ɗora buhu 25 a kan kowanne, kun tashi da 250. Kuɗin tirela daga nan zuwa Apapa bai ragu ba, na jirgin ruwa ma haka, amma buhu 130 na zaune a sito. Ga shi ba kowane katako ake karɓa a waje ba. Dokar ƙasa da ƙasa kan katakon ɗora kaya, wato ISPM 15, ta ce sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa turaren magani, sannan a buga hatimi. Wanda kafinta ya haɗa a bakin kasuwa, komai kyansa, zai iya sa a tsare muku kaya a tashar wata ƙasa.

Ba mu ce falet ba shi da rana ba. Inda leburanci ke da tsada, kamar Turai, mai saye ya fi son motar ɗaga kaya ta kwashe komai nan da nan, buhu kuma ba ya yagewa sosai. Idan naku mai sayen ya rubuta haka a yarjejeniya, za mu yi, amma ku sa kuɗin a farashi tun farko.

Akwai kuma zube, inda ake shimfiɗa babbar leda a tuttula hatsi ciki. Wannan sai da inji, ba mu da shi.

Zoɓorodo nasa daban ne. Ba shi da nauyi, wuri yake ci, shi ya sa muke ba shi mai ƙafa 40, kuma duk da haka tan 12 ko kusa da haka take ɗauka. Kada a ce mu danna fiye da kima, domin furen da ya dagargaje ba ya daraja.

Abin da ya fi damunmu ma ba jeri ba ne, laima ce. Kayan da aka loda a sanyin hunturunmu za su je su tarar da zafi da damshin Legas. Kwantena ta yi gumi da dare, ya ɗiga kan buhunan sama, fumfuna ta kama. Bara mun ga haka da idonmu a kaya guda, ba ma fatan a sake. Don haka bana kowace kwantena sai mun liƙa mata takarda mai kauri a bango da ƙasa, mun rataya jakunkunan shanye laima, kuma za mu mayar da duk riɗin da bai bushe ba, ko na wane ne.

Awo ma ba sassauci, domin tun Yulin 2016 jirgi ba ya ɗaukar kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba.

Ranar Alhamis ba ma lodi saboda kasuwa. Mai so a yi masa a makon, ya sanar da mu kafin Litinin.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Naku,
Manajan sito