Ta taga muke gaisawa yanzu

Mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da madam da yara. 'Yan biyun nan suna barinka ka runtsa kuwa, tun da aka rufe makarantu saboda korona a wannan shekara ta 2020?

Tun Ista rabon da in ji ɗuriyarka, shi ma "muna lafiya" kawai ka turo, kamar ana sayar maka da haruffa. Kai da kake tsare mutum da hira a ƙofar coci har sai mai gadi ya fara karkaɗa makullai! Bari in sauke maka abin da ya tsaya mini a rai.

Ka tuna maƙwabcina na bayan katanga, wanda kuka kusa raba hali a kan ƙwallo? Korona ta kama shi. Aka yi gwaji, aka zo da mota aka tafi da shi inda ake killace masu cutar, aka ce matarsa da yara uku su zauna a gida kwana 14 ba fita. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Washegari da idona na ga mutane suna tsallakawa ɗaya gefen hanya in sun zo daidai ƙofarsu. Ko sallama babu. Wata ma ta fizge ɗanta don ya tsaya ɗaukar ƙwallonsa da ta gangara kusa da gidan.

Ni ma kwana uku na yi ban leƙa ba. Ka san Mama tana wurina, ga hawan jini ga ciwon suga, kuma irinsu ne cutar ta fi kayarwa. Tsorona yana da dalili. Amma a dare na uku ina karanta wa yara Luka 10, na zo inda firist ya ga mutumin nan kwance, ya ratse ta wancan gefe, Balawe ma haka, sai muryata ta sarƙe. Babbar 'yata ta ɗago ta dube ni. Ba ta ce komai ba, ni ma ban iya ƙarasa karatun ba.

Abin da ke cina ke nan. Tun muna makarantar Lahadi aka koya mana cewa ƙauna kusanta ce: ka je, ka zauna a bakin gado, ka riƙe hannu, ka yi addu'a. A Matiyu 25 Ubangiji ya lissafa duba marar lafiya cikin abubuwan da aka yi masa shi da kansa. Yanzu kuma likitoci suna cewa ka ba da tazarar mita 2, kuma gaskiyarsu ce, don mutum yana iya ɗauke da cutar yana rabawa alhali shi garau yake ji. To yaya zan ba da tazara ba tare da na zama firist ɗin nan ba?

Da safe na sa takunkumi, madam ta haɗa abinci da sabulu a leda, na ɗauki kujerar roba na ajiye a bakin ƙofarsu, na ɗora ledar, na ƙwanƙwasa, na ja da baya har gindin bishiya. Sai ga wani ɗan hannu ya fito ya ja ledar a hankali, autarsu ce. Uwar ta buɗe taga, da ta ga ni ne sai ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ta ce tun da abin ya faru, ni ne na farko da ya kira sunan gidan. Kujerar nan ta zauna a wurin har suka cika kwanakinsu. Kullum in na dawo sai in wanke hannu da sabulu sosai kafin in shiga wajen Mama.

Maƙwabcin nawa kuma ya dawo, ya rame, yana hawa 'yar matattakala yana haki. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ranar da ya shinshina sabulu bai ji ƙanshin komai ba. An sallame shi da takarda, amma har yau wasu ba sa amsa gaisuwarsa. Ba addininmu ɗaya ba, ka sani. Ranar nan ta taga ya tambaye ni, "Kai ba ka jin tsoro ne?" Na ce masa ina ji, har yanzu ma. Muka yi shiru, sai ya ce in gaya maka ƙungiyarka ba za ta ci komai ba ko an dawo wasa. Ka ga ya warke ke nan.

A coci kuwa an kai ruwa rana. Dattijonmu mai babbar murya ya tsaya kai da fata cewa rufe majami'a rashin bangaskiya ne, yana jawo Zabura 91. Ina girmama shi, shi ya tsaya mini ranar aurena, amma na ce masa, Baba, wannan zaburar ce Shaiɗan ya karanto wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu kuma ya amsa da cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Bai ji daɗi ba. Daga baya Fasto ya karanta mana labarin Martin Luther, malamin nan na Jamus da ya jagoranci gyaran ikilisiya, kuma ya zauna mini daram. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, aka kwashe jami'a zuwa Jena, aka ce shi ma ya tafi, ya ƙi. Matarsa tana da ciki a lokacin, gidansu kuma ya koma wurin jinya. Amma mutumin nan da ya tsaya, shi ne ya rubuta wa wani fasto a Breslau cewa zai yi wa gida hayaƙi, zai sha magani, zai guji duk inda ba a bukatarsa don kada ya kwaso ya shafa wa wasu, in kuwa maƙwabci ya bukace shi, zai je. Masu raina magani ya ce gwada Allah suke yi. Duka biyun a wasiƙa ɗaya.

Ni na ƙara musu da na ƙauyen Eyam a Ingila. A 1665 annoba ta iso musu cikin ƙunshin yadi daga Landan, limamin cocinsu William Mompesson ya shawo kan mutane suka rufe kansu don kada ta bazu zuwa maƙwabta. Suka mayar da sujada fili, kowane iyali nesa da wani. Kusan mutum 260 suka mutu, har da matar limamin. Ba wanda zai ce wa waɗannan marasa bangaskiya.

Af, ka ji shugaban mawaƙa ya koma tura waƙa ta WhatsApp kowace asuba? Murya huɗu, duk shi kaɗai. Mama ba ta tashi daga gado sai ta saurara. Mai jita kuma ya yi aurensa shiru, mutum ƙalilan, amarya da takunkumi fari da ya dace da rigarta. Ya ce in gaya maka bashin rawar da ka yi alkawari yana nan.

Baba mai ƙararrawa ya rasu. Na san ba wanda ya gaya maka. Tsufa ne da zuciya, amma dokar taro ta hau kan jana'izarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran jama'a sujada, mu kaɗan muka raka shi, a tsaye nesa da juna. Matarsa tana tsaye ita kaɗai a bakin kabari, hannuwa a naɗe, ba wanda ya rungume ta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yau ina ganinta in na rufe ido. Tun daga ranar muka raba sunayen tsofaffi da gwauraye, kowa ya ɗauki biyar yana kiransu. Ita tana cikin nawa. Ran farko minti biyu muka yi. Jiya mun kusa awa, tana ba ni labarin yadda ya nemi aurenta.

Ta tambaye ka da sunan nan da take kiranka da shi. Ka kira ta ranar Lahadi bayan sujada, lokacin ne gidan ya fi yi mata faɗi. Lambarta ba ta canja ba. Kada ka ce mata "muna lafiya" ka kashe.

Madam tana gaida madam, Mama tana sa maka albarka. Ka sa maƙwabcina a addu'a, numfashinsa bai gama daidaita ba.

Naka cikin Almasihu,
Abokin zamanka na bencin baya